Me Ya Sa Uwar Tauraruwa Ke Rasuwa Tun Kafin a Buɗe Littafi?

Tambaya: Malama, ni ɗaliba ce mai nazarin adabi, kuma akwai abin da ya daɗe yana yi mini ƙaiƙayi. A yawancin tsofaffin littattafan da ake sa mu karanta, in tauraruwar labarin budurwa ce, sai ki tarar uwarta ta rasu, ko tana raye amma ba ta tsinana komai. Uban kuwa yana nan daram, ko azzalumi ko abin tausayi. Haka kawai abin ya zo, ko da dalili? Kuma yaushe aka fara rubuta iyaye da 'ya'yansu mata kamar mutane na gaske?

Amsa: 'Yata, idonki bai yaudare ki ba, kuma ba ke kika fara gani ba. Tun a 1976 Adrienne Rich, marubuciyar waƙoƙi 'yar Amurka, ta koka a littafinta Of Woman Born cewa abin da ke tsakanin uwa da 'ya shi ne babban labarin da har lokacin ba a rubuta ba. A 1989 Marianne Hirsch ta fitar da littafi sukutum a kan batun. A ganina dalilan biyu ne. Ɗaya na sana'ar ƙaga labari ne, ɗayan na iko da dukiya, kuma na biyun ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Na sana'ar ba ya buƙatar dogon bayani. Labari da matsala yake tafiya, yarinyar da ke da uwa mai rai, mai hankali, mai faɗa a ji kuwa ba ta cika faɗawa rami ba, don akwai mai janye ta kafin ta isa bakinsa. Marubucin da ke son tauraruwarsa ta sha wuya, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya binne uwar ya huta. Jane Eyre ta Charlotte Brontë, wadda ta fito a 1847, marainiya ce. Emma ta Jane Austen ba ta ma tuna uwarta sosai. Tatsuniyoyin duniya kuma cike suke da muguwar matar uba. Akwai wani abu a nan da nake son ɗalibaina su sani. Lokacin da 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fara buga tatsuniyoyinsu a 1812, matar da ke kishin kyawun yarinyar nan mai fari kamar dusar ƙanƙara har ta sa a je a kashe ta a daji, uwarta ce da ta haife ta. Sai a bugun 1819 suka mayar da ita matar uba. Wato ko a inda baki ya adana labarin uwa mai kishin 'yarta, da aka zo kan takarda sai aka ji abin ya yi nauyi, aka ɗora wa wata laifin.

Dalili na biyu shi ne, a al'ummomin da suka samar da waɗannan tsofaffin rubuce-rubucen, uba ne mai bayar da 'ya, kuma ta hanyar aurenta ne dukiya da suna da ƙawance ke fita daga wani gida su shiga wani. Masu riƙe da alƙalami maza ne, abin da ya dame su shi ne gado da sarauta, saboda haka lokacin da suka fi so su tsaya a kai shi ne lokacin bayarwa. A wasan kwaikwayon Euripides na tsohuwar Girka, sarki Agamemnon ya aika a kawo masa 'yarsa Iphigenia da sunan zai aurar da ita ga jarumi Achilles, alhali yanka ta zai yi domin iska ta kaɗa, jiragen yaƙinsa su tashi zuwa Troy. Aure da yanka a wuri ɗaya, a hannun mutum ɗaya. Fiye da shekara dubu biyu bayan haka, a 1976, Buchi Emecheta ta sa wa tauraruwar The Bride Price suna Aku-nna, wanda a harshen Ibo ke nufin dukiyar uba. Sunan kaɗai ya gama bayani.

Wasan da ya fi kowane tona cikin wannan lamari shi ne King Lear na Shakespeare, wanda aka fara bugawa a 1608, kuma zan ɗan zauna a kansa. Tsohon sarki ya tara fadawa zai raba ƙasarsa ga 'ya'yansa mata uku, amma da sharaɗi: kowacce ta faɗi irin son da take yi masa, wadda ta fi iya faɗa ta fi samun rabo. Manyan biyu, Goneril da Regan, suka zuba masa zaƙin baki son ransa. Da aka zo kan auta, Cordelia, wadda ya fi ƙauna, ya tambaye ta me za ta ce, ta ce babu. Da ya matsa mata, ta ce tana son shi gwargwadon haƙƙin uba a kan 'ya, ba ƙari ba ragi, kuma ranar da ta yi aure rabin sonta zai bi mijinta. Har ta tambaya, in da gaske yayyenta uban kaɗai suke so, me suke yi da mazaje? Nan take ya sallama ta, ya hana ta gado, sarkin Faransa ya aure ta hannu rabbana.

Kowace shekara in na kai ajina wannan wurin sai ya rabu biyu. Rabi su ce yarinyar ba ta da ladabi, me zai ragu a jikinta in ta faranta wa tsoho rai da kalma biyu a gaban jama'a? Rabi su ce ita kaɗai ce ta ɗauke shi mutum, sauran kasuwa suka ci da shi. Ni ina tare da na biyun, amma ban taɓa iya kore hujjar na farkon ba, kuma wannan ne ya sa wasan bai tsufa ba. Abin da nake so ki lura da shi dai shi ne, Lear bai tambayi Cordelia me take so ba. Ya tambaye ta ne nawa take son sa. 'Yar a wurinsa madubi ce, yana so ya leƙa ya ga kansa da girma. Da ya rasa sarauta sai manyan suka mayar masa da irin awon da ya koya musu. Ya ajiye wa kansa barade ɗari, suka rage zuwa hamsin, suka ce ashirin da biyar, suka ce goma ko biyar ma sun yi yawa, har Regan ta tambaye shi ko ɗaya ma me zai yi da shi. Wanda ya fara ƙirga so da lamba, da lamba aka ƙare shi. A ƙarshe ya shigo dandamali ɗauke da gawar Cordelia, an rataye ta. Turawan Ingila kansu sun kasa haɗiye wannan ƙarshen. A 1681 Nahum Tate ya sake rubuta wasan ya bar ta da rai har ya yi mata aure, kuma nasa aka riƙa nunawa wajen shekara 150. Matar Lear kuwa, uwar 'ya'yan nan uku, ko sunanta ba a faɗa ba.

Balzac ya ɗauko wannan zaren a Faransa a 1835 cikin Le Père Goriot, ya cire rawani ya bar kuɗi zalla. Tsohon ɗan kasuwa ya ƙarar da dukiyarsa a kan 'ya'yansa mata biyu da ya aurar ga manya, yana ta komawa ɗakin haya mafi araha, yana lanƙwasa kwanukan azurfarsa da dare don ya sayar ya biya musu bashi. Ranar jana'izarsa ba wadda ta zo. Kekunan dokinsu ne suka bi gawar, babu kowa a ciki. A nan ma uwar ta daɗe da rasuwa. Mai karatu yakan fita yana tsine wa 'ya'yan, amma Balzac bai wanke uban ba. Mutumin da bai taɓa ce wa 'yarsa a'a ba, shi ya shuka abin da ya girba.

Kada ki ɗauka duk uban da namiji ya rubuta haka yake. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Okonkwo a Things Fall Apart na Chinua Achebe, 1958. Mutane suna tuna shi da zafin rai da kisan Ikemefuna, yaron da ya riƙa kamar ɗansa, suna mantawa da 'yarsa Ezinma. Ita kaɗai ce ta rayu cikin 'ya'ya goma da matarsa Ekwefi ta haifa, kuma ita ce ta fi kowa fahimtar ubanta. Yabon da ya fi yi mata, a zuci, shi ne da ma namiji ce. Ki duba irin wannan yabo: ya ga hazaƙarta sarai, amma ba shi da ma'aunin da zai auna ta da shi sai na maza. Ta roƙe shi ta ɗaukar masa kujera zuwa wurin kokawa, ya ce wannan aikin yaro namiji ne. Sai daren da Chielo, mai hidimar gunki, ta goya Ezinma ta nufi kogo da ita cikin duhu. Ekwefi ta bi ta a guje ba ta tsaya shawara da kowa ba. Okonkwo ya zauna, ya jira har lokacin da yake ganin namiji zai iya fita ba a ce ya ruɗe ba, sannan ya ɗauki addarsa. Sai daga baya Achebe ya faɗa mana, kamar a gefen baki, cewa mutumin bai runtsa ba, ya yi ta zirga-zirga tsakanin gida da kogon, a zuwa na huɗu ne ya tarar da matarsa. Ƙauna tana nan cike da ciki, bakin furta ta ne babu. Ki kuma lura da yadda Achebe ya bai wa uwar wuri. Ezinma da sunanta take kiran uwarta, suna zama kamar ƙawaye. Wannan ɗan ɓangaren na littafin ya fi wasu littattafai goma sanin uwa da 'ya.

Yanzu ga uwar da kika ce tana raye amma ba ta tsinana komai. Misalin da kowa ke kawowa shi ne matar Bennet a Pride and Prejudice na Jane Austen, 1813. Surutu, rashin kamun kai, ba ta da zance sai aurar da 'ya'yanta biyar. Mijin kuwa mai barkwanci ne, mai karatu, shi da 'yarsa Elizabeth suke haɗa ido suna yi wa sauran dariya. Na shekara ashirin ina son sa ina raina ta, kafin na tsaya na yi lissafi. Gidan da gonar da suke ci, bisa sharaɗin gadonsu, namiji kaɗai zai gaje su, wato ranar da uban ya faɗi wani ɗan'uwansa, Collins, zai kwashe komai, matan shida su nemi wurin zama. Uban ya san haka, bai tara musu komai ba, ya shige ɗakin karatunsa ya rufe ƙofa. Da Elizabeth ta roƙe shi kada ya bar ƙanwarta Lydia ta tafi Brighton, ya yi watsi da maganar don yana son kunnensa ya huta, yarinyar ta je ta gudu da soja. Uwar da ake yi wa dariya ita kaɗai ce a gidan ta ɗauki haɗarin da muhimmanci. Hanyarta ce ba ta da kyau, tsoronta na gaskiya ne. Austen mace ce, amma ta rubuta labarin ta idon 'yar da ta zaɓi ɓangaren uba, kuma irin wannan zaɓin ya daɗe a adabi: yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa ta ɗauki uwarta a matsayin abin da take gudun zama.

Abin da ya sauya lamarin shi ne sauyin mai magana. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Da mata suka yawaita a rubutu a ƙarni na 20, musamman daga shekarun 1970, sai aka fara jin 'ya tana ba da labarin uwarta da bakinta. Jamaica Kincaid ta yi haka a Annie John, 1985, inda yarinya a tsibirin Antigua ke bin uwarta kamar inuwa, sannan da ta fara girma son ya juye ya zama wani abu mai ɗaci da ita kanta ba ta san sunansa ba. Amy Tan a 1989 ta jera iyaye mata huɗu da suka baro Sin da 'ya'yansu huɗu haifaffun Amurka, kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai ji shi ba. Amma matakin da ya fi wuya, wanda kuma ya fi ƙaranci har yau, shi ne a bar uwar da kanta ta yi magana.

Shi ya sa nake ɗora Mariama Bâ ta Senegal a gaba. Littafinta Une si longue lettre ya fito a 1979, ya ci kyautar Noma a 1980. Wasiƙa ce da Ramatoulaye, malamar makaranta mai 'ya'ya goma sha biyu, ke rubuta wa aminiyarta tana cikin takaba. Yawanci ana karanta shi a matsayin littafin kishiya, ni kuwa a matsayin littafin uwa da 'ya'ya mata nake koyar da shi. Yarinyar da mijin ya auro, Binetou, ƙawar babbar 'yarsa Daba ce, tare suke karatu a gidan. Daba ta fusata, ta ce wa uwar ta rabu da shi. Uwar ta ƙi, ta zauna. A tsohon tsari 'ya ce ke ce wa iyaye a'a, a nan uwa ce ta ce wa 'yarta a'a, kuma mun ji dalilinta daga cikin zuciyarta, ko mun yarda da shi ko ba mu yarda ba. Can gefe ga uwar Binetou, wadda ta tura 'yarta ga sa'an ubanta saboda gida da kujerar Makka, ta cire ta daga makaranta. Bâ ba ta ɓoye cewa mace ma tana sayar da 'yarta ba.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai yana kusa da ƙarshe. Ramatoulaye ta riga ta kama uku daga cikin 'ya'yanta suna shan taba a ɗaki, ta ji duniya ta juya mata. Sai ga labarin cewa wata 'yar tata, Aïssatou, wadda take ganin ta fi kowa natsuwa, ta yi ciki da wani ɗalibin jami'a. Maƙwabciyarta Farmata na tsaye tana jiran a yi kururuwa da duka. Uwar ta ji fushin ya taso mata har wuya, ta tuna ranar da ta haifi yarinyar, sai ta jawo ta ta rungume. Lear ya kori 'yarsa a kan kalma ɗaya da ba ta faɗa ba. Wannan matar an kawo mata abin da ya fi haka nauyi sau dubu, ta riƙe tata. Kuma ba a nuna mana ita a matsayin waliyyiya ba, don mun ga ƙyamar da ta fara ji, mun ga lissafin da ta yi na yadda za a ceci karatun yarinyar.

Toni Morrison ta kai maganar iyakarta a Beloved, 1987. Ta samo tushen labarin daga Margaret Garner, baiwar da ta tsere daga Kentucky a watan Janairun 1856, ta tsallaka kogin Ohio da ya daskare, da masu kamu suka rutsa ta sai ta yanka 'yarta 'yar shekara biyu don kada a mayar da ita bauta. Agamemnon ya yanka 'yarsa don yaƙinsa ya tafi, Sethe ta Morrison ta yanka tata don doka ta ce yarinyar dukiyar wani ce. Morrison ba ta yanke mata hukunci ba. Ta dawo da mamaciyar cikin gidan, ta sa uwar ta zauna da ita ido da ido.

Uban fa, me ya same shi da alƙalami ya koma hannun 'ya? An daina ganinsa daga kan karaga, an fara ganinsa daga ƙasa, ta idon yarinyar da ke sauraren takunsa a bakin ƙofa. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, 1990, uba ya cire Abu daga makaranta, aka ɗaura mata aure da tsoho, kuma labarin bai bi uban ba, ita ya bi har ta gudu ta nemi ilimin da aka hana ta. A Nervous Conditions na Tsitsi Dangarembga ta Zimbabwe, 1988, uban Tambu ya tambaye ta ko za ta dafa wa mijinta littattafai ne, ita kuwa Nyasha, 'yar shugaban makarantar mishan, ubanta ya mare ta ta rama, daga baya faɗan ya koma cikin jikinta ta daina riƙe abinci. Mafi ban tsoro shi ne Eugene a Purple Hibiscus na Chimamanda Ngozi Adichie, 2003, attajiri mai kyauta, mai jaridar da ke faɗa wa sojoji gaskiya, wanda ya tsayar da 'yarsa Kambili a bahon wanka yana zuba mata tafasasshen ruwa a ƙafa yana kuka, don ta kwana gida ɗaya da kakanta mai bin addinin gargajiya. Abin da ya sa littafin ya yi ƙarfi shi ne Kambili tana son sa, tana neman yabonsa, har bayan wannan. Marubucin da bai ƙware ba zai sa ta tsane shi tun shafi na goma, ya sauƙaƙa wa kowa.

Don haka in za ki yi nazari a kan wannan jigon, kada ki tsaya ga rarraba iyaye zuwa nagari da mugaye, aikin ba zai kai ki ko'ina ba. Ki tambayi kowane littafi abu biyu: ta bakin wa ake ba da labarin, kuma me 'yar take so wanda bai shafi iyayenta ba? In kin rasa amsar ta biyun, to labarin na uban ne ko na uwar, yarinyar aron ta aka yi. Ki gwada da Shaharzad ta Dare Dubu da Ɗaya. Ubanta waziri ya yi ta kawo mata misalai don ya hana ta auren sarkin da ke kashe amarensa, ta saurare shi tsaf, ta ce duk da haka a kai ta, don tana da nata shirin. Tsohon labari ne, amma yarinyar ta mallaki kanta fiye da 'yan mata da yawa na littattafan zamani.

In kuma kina son ganin irin rabuwar da ba duka ba zagi, ki nemi La Place na Annie Ernaux ta Faransa, wanda ya fito a 1983, ita ce ta karɓi kyautar Nobel a 2022. Ubanta lebura ne da ya zama mai ɗan kanti da wurin shan kofi a yankin Normandi. Bai taɓa hana ta karatu ba, shi ya yi ta fafutuka don ta yi. Karatun ne ya raba su. Ta fara gyara masa magana, ya fara yin shiru in ƙawayenta sun zo, har aka wayi gari ba su da abin da za su ce wa juna a kan tebur. Ya rasu wata biyu bayan ta ci jarrabawar zama malama. Da ake kintsa kayansa, a cikin jakar kuɗinsa ta tarar da guntun jarida da ya yanka ya ninke shekaru da suka wuce, mai ɗauke da sakamakon wata jarrabawa da ta yi, da sunanta a ciki.